Mun miƙa yatsu, mun miƙa layi: wa zai kawo mana lissafi?

A gefen titin Ƙofar Kaura, tsakanin masu POS da masu gyaran waya, ba a rasa 'yar rumfar da ake rajistar layi. Mutum zai miƙa takardar NIN ɗinsa, ya dangwala yatsu a na'ura, ya cire hula a ɗauki hotonsa. Idan sabis ya ƙi, sai yaron shagon ya ɗauki hoton takardar a wayarsa ya ce a dawo gobe, kuma ba mai tambayar inda hoton zai kwana. Mun saba da haka tun Disambar 2020, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa ko a rufe shi. A watan ne kuma aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, don haka Bakatsine bai buƙaci dogon wa'azi ba kafin ya bi layi. An ce idan kowane layi yana da suna da fuska, mai kiran neman kuɗin fansa ba shi da maɓoya. Mu mun cika namu alkawarin. Abin da ya rage shi ne waɗanda suka karɓi amanar su zo su faɗi abin da suka yi da ita, kuma doka ce ya kamata ta tilasta musu.

A ɗauki abin da ya faru a Satumbar 2021. Bayan an katse sadarwa a Zamfara, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse ta a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Faskari, Dutsinma da Funtuwa. Watanni aka yi a haka, sai a Disamba aka fara mayar da sabis. A tsawon lokacin, mai son jin lafiyar mahaifiyarsa sai ya shiga mota, ɗan kasuwa ba ya iya tura kuɗi, mai naƙuda ba a iya kira mata mota da dare, ƙauyen da aka kai wa hari kuma ba ya iya sanar da maƙwabcinsa. Jaridu sun ruwaito cewa 'yan bindigar da ke kusa da iyaka sun koma amfani da layukan Nijar. Wataƙila matakin ya yi amfani a wasu wurare, ba na musun hakan. Amma ina rahoton da aka ajiye a gaban Majalisar Dokokin jiha, mai nuna yawan hare-hare kafin rufewar da bayanta, da asarar da 'yan kasuwa suka yi, da sashen dokar da aka dogara da shi? Matakin da ya taɓa rayuwar dubban ɗaruruwan mutane ya zo da sanarwa, ya tafi da sanarwa.

Batun haɗa layi da NIN ma haka yake. A Janairun 2024, lokacin da garkuwa da mutane ta yi tsanani a Abuja, Farfesa Isa Ali Pantami, wanda a zamanin ministancinsa aka kawo tsarin, ya fito ya koka cewa jami'an tsaro ba sa cin moriyar bayanan yadda ya kamata. Wannan shaida ce daga cikin gida. A shekarar ne kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya a kan naira 100 kacal. Hukumar NIMC mai kula da NIN ta musanta cewa an kutsa cikin rumbunta, amma musun bai warware damuwar ba, domin bayanan sun fito ta wata ƙofa. A jihar da masu garkuwa ke neman sanin wane ne mai hali, ina yake kwana, wace ce lambarsa, sayar da adireshin mutum a kuɗin da bai kai na ƙullin gyaɗa biyu ba matsalar tsaro ce kai tsaye.

Ba dokoki muka rasa ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidan mutum da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Ƙa'idojin da hukumar sadarwa ta NCC ta fitar a 2019 sun ce sauraron kiran mutum yana buƙatar izinin alƙali, sai dai sun bar ƙofar gaggawa inda za a fara saurare sannan a nemi izinin cikin sa'o'i 48. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin waya ajiye bayanan kiranmu na shekara biyu. A Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanai, hukumar da ta kafa ta kuma nuna tana da haƙora: ta ci bankin Fidelity tarar sama da naira miliyan 555 a 2024. Madalla. Sai dai dokar ta sassauta wa hukumomin tsaro da na binciken laifi da yawa daga cikin sharuɗɗanta, wato sandar ta fi sauka a kan banki fiye da kan mai kaki. Kuma an ga inda hakan ke kaiwa. A 2020 kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya nuna yadda 'yan sanda suka yi amfani da bayanan kiran waya wajen kamo 'yan jarida ta hanyar abokan aikinsu da danginsu. A ƙarshen shekarar, cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ake kyautata zaton suna amfani da kayan leƙen asirin waya na kamfanin Circles.

Za a ce wannan magana ce ta 'yan boko masu kwana da ƙoshi, wanda aka sace wa ɗa ba ya zancen sirri. Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai hana a bi sawun wayar ɗan bindiga ko ta mai kai masa rahoto. Amma bin sawun mutum ɗaya da ake zargi, da izinin kotu, daban yake da riƙe bayanan kowa ba mai dubawa. Na farko aikin tsaro ne, na biyu kuwa makami ne da zai ci gaba da zama a ofis bayan gwamnati ta canza, ya faɗa hannun wanda ba mu zaɓa ba. Masu cewa wanda ba shi da laifi ba ya tsoron bincike su tuna cewa kowane gida a Katsina yana da zaure, kuma ba don ɓoye laifi aka gina shi ba. Addininmu ma, a Suratul Hujurati, ya hana bin diddigin sirrin mutane.

Za a kuma ce harkar tsaro ba a baje ta a faifai. Ba sunayen waɗanda ake bibiya ake nema ba, alƙaluma ake nema: izini nawa aka nema a shekara, nawa alƙali ya ƙi, sau nawa aka bi ta ƙofar gaggawa, mutum nawa aka gurfanar. Amurka da Birtaniya suna wallafa irin wannan rahoto duk shekara, hukumomin leƙen asirinsu ba su durƙushe ba. Hukumar da ta san za a ƙirga aikinta ta fi mayar da hankali kan daji fiye da kan matashin da ya soki gwamna a Facebook.

Jira daga Abuja ba zai wadatar ba. Majalisar Tarayya ta taɓa zartar da ƙudirin kare haƙƙin jama'a a intanet, Shugaba Buhari ya ƙi sa masa hannu a 2019. Abin da ya yi tasiri shi ne shari'a: a Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke cewa rufe Twitter da aka yi a 2021 ya saɓa doka, saboda wasu sun ɗauki lauya sun shigar da ƙara. Rufe sadarwar Batsari da Safana ya fi rufe Twitter ciwo nesa ba kusa ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumar tarayya kwana 7 ta amsa takarda, kuma akwai Babbar Kotun Tarayya a nan cikin Katsina. Rassan ƙungiyar lauyoyi da ta 'yan jarida na jiha suna iya rubuta wa NCC su nemi takardun umarnin katse sadarwa na 2021. 'Yan majalisarmu na tarayya kuma su kai gyaran da zai sa duk wani katse sadarwa nan gaba ya zo da izinin alƙali, da ranar ƙarewa, da rahoton da za a karanta a zauren majalisa.