Waiwaye: Gayyar Gyaran Hanya a Ƙasar Gaya da Ajingi

Buhun geron da aka noma a Kademi, ko Balare, ko Toranke, ba a kan kwalta yake fara tafiya ba. Kafin ya ga titin da zai kai shi Gaya ko kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, sai ya bi turba da burtali da hanyar amalanke. Su kuwa waɗannan hanyoyi, tun kaka da kakanni, ba ɗan kwangila ke gyara su ba. Mutanen gari ke yi, da aikin gayya.

Abin da ya kamata mu tuna shi ne yadda ake tsara gayyar, don ba tarin jama'a ke gyara hanya ba. Dagaci zai kira masu unguwanni, a zaga hanyar da ƙafa kwana biyu ko uku kafin ranar, a ga inda ruwa ya ci da inda rairayi ke kama ƙafar jaki. Sannan a yanka ta gaɓa-gaɓa, kowace unguwa da rabonta, daga wannan tsamiya zuwa waccan kuka. Sai sanƙira ya yi shela, ya faɗi abin da kowa zai riƙo. Masu diga da gatari ke gaba, masu fartanya da shebur na biye, samari na jidar burji a kwando, dattawa na nuna iyakar gonaki don kada gyara ya zama rigima. Mata su aiko da kunu da fura. Makaɗi kuma ba don nishaɗi kaɗai ake kiransa ba: idan ya wasa unguwar da ta kusa kai wa iyakarta, sauran sai zuciya ta motsa.

Lokacin ma zaɓarsa ake yi. Ba mai kiran gayyar hanya ana tsakiyar noman fari. Bayan an kai amfanin gona gida ake yi, ko da bazara kafin ruwan farko.

Ba kowane aikin hanya ne ya bar daɗi a baki ba. A zamanin Turawa ta hannun hakimai da dagatai ake ɗibar mutane aikin tilas, kuma tsofaffi sun san bambancinsa da gayya sarai: ita gayya, wanda ya fito yau za a fito masa gobe a gonarsa. Daga baya, a 1986, gwamnatin Babangida ta kafa hukumar DFRRI, aka shiga fasa hanyoyin karkara da manyan motoci. An amfana, ba musu. Sai dai tun daga nan muka koyi zaman jiran gireda, hanyar da kakanninmu ke gyarawa da fartanya ta koma ta gwamnati.

Ƙungiyoyin taimakon kai da kai na yanzu suna ƙoƙari, Allah ya saka musu. Amma abin da na fi gani shi ne a tara matasa wuri guda, shebur biyar, 'yan kallo hamsin, a juye ƙasa cikin rami, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Taron tsintsiya ba shara. Ruwan Agusta na farko zai kwashe ƙasar nan ya kai gonar wani, domin ƙasarmu jigawa ce, kuma ba a yi wa ruwa hanyarsa ba. Magabata da ruwan suke farawa: a haƙa lambatu a gefe, a ɗaga tsakiyar hanya, a karkatar da kwararo kafin ya zama kwazazzabo, a dasa aguwa ko gamba su riƙe bakin. Cike rami shi ne aikin ƙarshe.

A Ruwanda an ware Asabar ɗin ƙarshen wata don aikin al'umma, mu ma a Kano ita ce ranar tsaftar muhalli. Ranar tana nan, tsarin ne ya kuɓuce mana.

Don haka ina kira ga masarautar Gaya da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi: ku ba da kwalbati da tifar burji, abin da talaka ba ya iya saye. Masu unguwanni kuma ku raba hanyoyin tun yanzu, kowace gaɓa da shugabanta da mutanensa goma, a gama kafin ruwan shuka ya sauka.