Manhajar da ba ta jin Hausarka, me ya sa take neman katinka?

Jama'a, yau ba koyar da saitin waya za mu yi ba. Magana ce kan manhajojin nan na AI masu mayar da murya rubutu, waɗanda ake ta tallarsu a Facebook da TikTok. Ɗalibai na Jami'ar Tarayya ta Gusau suna son su don lacca, masu naɗar tafsiri da azumi suna so, ɗan kasuwa mai tarin saƙon murya ma yana so. Buƙatar gaskiya ce. Yadda ake karɓar kuɗin ne ban yarda da shi ba.

Duba yadda da yawansu suke. Ka sauke, ka buɗe, ko kalma ɗaya ba ta rubuta maka ba, sai ga shafin biyan kuɗi ya cika fuskar waya. Maɓallin "Continue" ƙato, mai launi. Alamar rufewa kuwa ƴar mitsitsiya a lungu, wani lokaci ma sai ka jira kafin ta fito. An rubuta gwaji kyauta na kwana uku da manyan baƙaƙe, a ƙasa da ƙanana an ce in kwanakin sun cika za a riƙa cirar kuɗi duk sati. Duk sati fa, ba wata ba. A ce naira 4,500 ne, a shekara ya kama 234,000. Kuɗin sabuwar waya ke nan har da canji. Wanda ya zana shafin nan ya san abin da yake yi, so yake ka manta.

A shagona ana kawo min waya ana cewa an yi kutse, banki na ta turo alat. In na duba, babu ɓarawo, rijistar da mai wayar ya danna ce take ci. Ya ce ai ya goge manhajar tuntuni. To ka ji da kyau: goge manhaja ba ya tsayar da cirar kuɗi. Da can katin naira yakan ƙi shiga, ya cece ka ba ka sani ba. Tun da Play Store ya fara karɓar katin Verve a 2023, wannan katangar ta faɗi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, bayan ka biya, me ka samu? Wasu sun jera Hausa cikin harsunansu don kawai injin da suka ɗora a kai ya lissafa ta. Whisper na kamfanin OpenAI, wanda aka saki kyauta a 2022, akwai Hausa cikin harsunansa kusan ɗari, amma lissafa harshe daban, jin sa daban. Hausar rediyo ma da ƙyar, balle dattijon Karakkai ko Tsafe da zai ce "ya zaka" ko "mu tahi", ga iska, ga ƙarar babur a baya. Sai ta zubo maka shirme, kuma mintocinka sun tafi, ba a mayar maka. Ga shi OpenAI da kansa senti 36 na dala yake cajin masu manhaja kan awa ɗaya ta murya, bai kai naira dubu ba.

Ba cewa na yi kowa ya yi aiki kyauta ba, ni ma ba na canza sikirin don Allah. Amma in ka kawo min waya, sai ka ga ta kawo haske kafin ka biya ni. Otter ma, da Turanci ne ƙarfinsa, yana ba da minti 300 kyauta a wata ka gwada. Ina wahalar a ba Bahaushe minti biyar ya saka muryarsa ya gani kafin a nemi katinsa?

Wani zai ce ai an rubuta sharuɗɗan, laifin wanda bai karanta ba ne. An rubuta da wane harshe? Kana tallar manhajarka ga Bahaushe, farashin kuma ka ɓoye shi cikin Turanci.

Kafin ka biya kowa, gwada abin da ke wayarka. Tun ƙarshen 2024 Google ya sa Hausa a rubutu da murya na Gboard, kyauta ne, sai dai yana cin data. Na WhatsApp mai rubuta saƙon murya bai fito da Hausa ba, kar wani ya ruɗe ka da shi.

In kuma ka riga ka danna gwajin, yanzu-yanzu buɗe Play Store, taɓa hotonka a sama, shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions, ka soke duk abin da ba ka gane ba. In an cire kuɗin bai wuce awa 48 ba, nemi Google ya mayar maka, ana dacewa. Ka duba ta Baba da ta Inna ma, musamman in katinka ne a kai.