Gobara ba ta jiran mai shekaru: amanar muƙami da ƙarin girma a hukumomin kashe gobara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Duk shekara idan hunturu ya kama, hankalin 'yan kasuwa ba ya kwanciya. Ba mu manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ba, da ta babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, da ta Katsina a Maris na shekarar, da ta kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairun 2023. Bayan kowace musiba sai a koma kan kuka ɗaya: motoci sun yi kaɗan, ruwa ya ƙare, an makara. Kukan gaskiya ne. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: wane ne ke ba da umarni a bakin wuta, kuma ta wace hanya ya hau wannan matsayi?

A Najeriya aikin 'yan kwana-kwana ya kasu biyu. Akwai Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, wadda dokar 1963 ta kafa, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma majalisar gudanarwa guda ce ke kula da ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma da ladabtarwa a cikinta, tare da hukumomin shige da fice da gidajen gyaran hali da tsaron farar hula. Sannan akwai hukumomin jihohi, masu riƙe da tashoshin birane da garuruwa. A aikin gwamnati kuwa, ƙarin girma yakan rataya ne ga shekarun da mutum ya yi a mataki, da jarrabawa, da samuwar gurbi.

Wannan ma'auni yana iya wadatarwa a ofis, amma wuta ba fayil ba ce. A cikin mintuna kaɗan shugaban tawaga zai yanke hukunci: a yanke lantarki tukuna, a tsayar da mota ta inda iska ba za ta juyo da harshen wuta ba, a yi amfani da kumfa maimakon ruwa idan fetur ne ke ci, domin ruwa yaɗa shi yake yi, a shiga gini ko a janye kafin rufi ya rufto. Kuskure ɗaya a nan rai ne.

Malaman usulu sun lissafa kiyaye rai da kiyaye dukiya cikin manyan manufofin shari'a, don haka kashe gobara farilla ce ta kifaya, kuma abin da farilla ba ta cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Shugabanci nagari yana cikin wannan. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, an siffanta wanda ya fi dacewa a ɗauka aiki da ƙarfi da amana, kuma a kan waɗannan ginshiƙai biyu Ibn Taimiyya ya gina bayanin muƙamai a littafinsa As-Siyasatush Shar'iyya. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, ya nemi muƙami, Manzon Allah (SAW) ya hana shi saboda rauninsa a wannan fage, duk da girman tsoron Allah da yake da shi.

To, ina haƙƙin wanda ya daɗe yana aiki? Tarihin sahabbai ya warware mana. Lokacin da Sayyidina Umar ya kafa diwani, ya fifita mutane a rabon kuɗi gwargwadon rigayensu a Musulunci, mutanen Badar suna sahun gaba. Amma jagorancin runduna bai bi wannan jeri ba. A yaƙin Zatus Salasil, a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya shugabantar da Amru ɗan Asi, wanda bai daɗe da musulunta ba, alhali Abubakar da Umar suna cikin rundunar. Haka ya naɗa Usama ɗan Zaidu yana matashi a kan manyan sahabbai. Darasin a fili yake: daɗewa tana jawo lada da girmamawa, jagoranci kuwa na wanda ya fi iyawa ne.

Saboda haka ya kamata jihohi su raba hanyoyin biyu. Wanda ya shekara yana shaƙar hayaƙi a ba shi matakin albashinsa da alawus ɗinsa a kan kari, domin jinkirta haƙƙin ma'aikaci zalunci ne. Amma muƙamin shugaban tawaga da na shugaban tasha a rubuta sharuɗɗansu, kowa ya san su: horon da aka kammala, gwaji a filin atisaye ba a takarda kaɗai ba, lafiyar jiki, da shaidar yadda mutum ya yi a gobarar da ya halarta. A bayyana gurbi, a bayyana sakamako, a buɗe ƙofar ƙorafi. Kada kuma a ƙirƙiri kujera don a sama wa wani wuri; muƙami ana yin sa ne don aiki, ba don mutum ba. Idan masu ba da umarni suka yi yawa a bakin wuta, ruɗani ne zai yi mulki.

Mu ma da namu laifin. Uban da ke yawo da takardar ɗansa gidajen manya don a ɗaga shi sama da wanda ya fi shi, ya tuna cewa wata rana shagonsa ne zai kama, kuma wanda sanayya ta ɗora shi ne zai zo. Ɗalibai kuma su daina kallon wannan aiki a matsayin mafakar wanda ya rasa abin yi. Ceton rai ibada ce ga wanda ya kyautata niyya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin hunturu mai zuwa, majalisun dokokin jihohi da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su tambayi ƙa'idar naɗin shugabanni kamar yadda suke tambayar adadin motoci.

Allah Ya kiyaye mu daga gobarar duniya da wutar lahira, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri. Allah ne Mafi sani.