Hoton Takarda Ba Shi Ne Adana Ta Ba

A 'yan shekarun nan ba a yin taro kan tarihin ƙasar Hausa a tashi ba a ji an ce a zuba komai a kwamfuta ba. Kwamishina zai faɗa, shehin malami zai maimaita, baƙon da ya zo da kuɗin tallafi zai gyaɗa kai. A sayo na'urar ɗaukar hoton takardu, a ɗebi matasa aikin wata shida, su bi tsofaffin littattafai da jaridu shafi-shafi, sannan a kira 'yan jarida a shaida musu an ceto shafi dubu kaza daga bakin gara. Ra'ayin ya zauna daram, har mai tantama ana yi masa kallon maƙiyin ci gaba. To, ni ina da tantama, kuma ba ƙarama ba. Abin da aka ɗauki hotonsa ba a rubuta masa suna ba, ba a sa shi a jerin da mai nema zai duba ya gan shi ba, ba adana shi aka yi ba. Ɓoye shi aka yi, a wurin da ya fi ɗakin da aka ɗauko shi duhu.

Mai son ganin ƙarshen wannan hanya ya je kasuwar waya, wurin yaran da ke tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori. Ka ce kana son waƙar Shata ta wane, yaro ya buɗe kwamfutarsa, sai ga jeri ya zubo: 01, 02, 03, har ɗari da wani abu, wasu kuma sunansu haruffa uku ne da doguwar lamba, yadda WhatsApp ya haifo su. Zai danna wannan, kalangu ya tashi, ya girgiza kai, ya danna na gaba. In ka yi sa'a yana da kunne, a na bakwai ko na takwas ya ce, “Alhaji, ga ta nan.” In yaron gidansa ka tarar, sai dai a juye maka duka ka je gida ka yi ta lalube. Waƙoƙin suna nan, ko ɗaya ba ta lalace ba. Amma fihirisar tana cikin kan mutum ɗaya, ranar da ya koma sayar da caja ta tafi da shi. Shata ya rasu a 1999, kuma waɗanda suka san wa aka yi wa wace waƙa, a wane gari, a bikin wa, kullum raguwa suke yi. Abin da muke wa yaron kasuwa dariya a kai, shi ake shirin yi wa takardun kakanninmu, sai dai wannan karon da kuɗin gwamnati da jawabin buɗe taro.

Magabatanmu ba su raina suna haka ba. Malaman Sakkwato, da zarar sun gama bisimilla da salati, sai su faɗi sunan littafin da abin da ya ƙunsa, sau da yawa har da jerin babobinsa. Kuma sukan ƙera sunan da amsa-amo don ya zauna a ka, kamar yadda Muhammadu Bello ya yi wa Infaƙul Maisuri, littafinsa na tarihi na 1812. Mawaƙa kuma sukan saƙa sunansu da shekarar waƙar cikin ramzi a baitocin ƙarshe. Ba ado ba ne. Littafin wancan zamani warƙoƙi ne sake, ba ɗinki, a ɗaure da igiya a zura a gafaka. Shi ya sa marubuci yake rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama, don in iska ta watsa su a iya mayar da kowanne mazauninsa. Sun san warƙar farko da ta ƙarshe su ne suka fi shan hannu da ruwa da gara, kuma a nan suna yake. Yau in ka ɗauko irin wannan ɗauri, sau tari za ka tarar kai ya tafi, wutsiya ta tafi, ga kuma rabin wani littafi daban ya shige tsakiya. Matashin da aka ba na'ura ba zai san haka ba, kuma ba laifinsa ba ne. Adadin shafi aka ce ya cika. Zai ɗauki hoto tsaf, ya tara littafi uku a jaka ɗaya mai lamba ɗaya, ruɗanin da a da malami zai warware da hannu cikin yini ya daskare a haka.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi. Za a ce gara ba ta jiran fihirisa, rufin ɗaki na yoyo, ga abin da ya faru a Timbuktu, inda aka ƙona dubban rubuce-rubuce a farkon 2013, sauran kuma sai a ɓoye aka yi ta fitar da su zuwa Bamako. A ceto tukuna, suna ya biyo baya. Na yarda a lokacin gobara ba a tsayawa rubuta lakabi. Amma yawancin ɗakunan ajiyarmu ba gobara ke cin su ba, sakaci ne mai tafiya a hankali, kuma “baya” ɗin nan ba ta zuwa. Kuɗin tallafi na ƙarewa ranar da na'ura ta ɗauki shafin ƙarshe. Babu mai ba da kwangilar zama a karanta, domin ba a yanke ƙyalle a kanta, ba a ɗaukar hoton gwamna a gefenta. Na'ura kuwa ana saye, akwai rasit, akwai kaso. Kada mu yaudari juna kan dalilin da ya sa aka fi son ta.

Wasu kuma sun fara cewa a bar wa kwamfuta mai basira, ita za ta karanta ta tsara. Ko da ta iya karanta ajamin da kowane marubuci yake wasalta shi yadda ya ga dama, ba za ta gaya maka wannan hannun na zuriyar wane ne ba, ko cewa wannan waƙa da aka jingina wa Shehu ta almajirinsa ce. Wannan sani a ƙirjin mutane yake, kuma su ne ke mutuwa, sun fi takarda saurin tafiya.

A duba ayyukan da ilimin tarihinmu ya tsayu a kansu mana. A shekarun 1950 Kensdale ya zauna ya jera rubuce-rubucen Larabci na ɗakin karatun jami'ar Ibadan. A 1965 aka buga fihirisar na gidan tarihin Jos da na Majalisar Lugard a Kaduna. Abdullahi Smith, wanda ya kafa Arewa House a 1970, shi da ɗalibansa sun ɗauki hoton takardu ƙwarai, a siririn fim na wancan zamani, amma suna ɗauka suna rubuta mai littafi da sunansa da inda aka samo shi. A 1995 John Hunwick ya fitar da juzu'i na biyu na kundinsa kan rubuce-rubucen Larabci na Afirka, wanda ya shafi yankinmu: marubuci bayan marubuci, littafi bayan littafi, da garin da kwafin yake da lambarsa. Babu hoton shafi a ciki da za a yi kallo. Sunaye ne zalla, amma ɗalibi a Kano ko Yamai zai buɗe ya san abin da zai nema kafin ya biya kuɗin mota. Haka Jean Boyd ta shafe shekaru a Sakkwato, da taimakon Waziri Junaidu, tana tantance waƙoƙin Nana Asma'u, wace ce ta Fulatanci, wace ce fassararta ta Hausa, kafin kundinsu da Beverly Mack ya fito a 1997. Hatta littattafan soyayya na Kano, da aka yi ta yi wa kallon shara, sai da Graham Furniss da Malami Buba da abokin aikinsu suka jera sunayen waɗanda suka fito tsakanin 1987 da 2002 sannan da yawa suka gane girman abin.

Kuma wannan ba dabarar Turawa ba ce. Ibn Nadim, mai sayar da littattafai a Bagadaza, ya rubuta Fihirisarsa wajen shekarar 987, ya jera duk littafin da ya gani ko ya ji labarinsa. Da yawa daga cikinsu sun ɓace, ba mu san an taɓa rubuta su ba sai ta bakinsa. Shi suna ya rage masa, littafi ya tafi. Mu kuwa muna neman mu riƙe littafin mu yar da sunan, kuma muna kiran haka zamani.

Wanda ya taɓa zama a ɗakin karatun ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Kaduna ya san daga ina ake farawa. Ba fayil ake fara miƙa maka ba. Wani tsohon jeri ne da aka buga da tafireta, gefensa ya yi baƙi don shan yatsa: SNP, KanProf, SokProf, ZarProf, kowace lamba da taken fayil a gabanta, haraji ne, rikicin iyaka ne, naɗin hakimi ne. Akawun da ya rubuta wannan take a bangon fayil ba tarihi yake yi wa hidima ba, Razdan yake gudun ya yi masa faɗa. Duk da haka layinsa ɗaya ne ya sa ake rubuta digiri a kan takardun har yau. A ce an ɗauki hoton kowane shafi na Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga fitowarta ta farko a 1939, aka zuba ba kwanan wata, ba kanun labarai. Mai neman abin da Abubakar Imam ya rubuta kan wata magana zai fara daga ina?

Don haka duk aikin da aka kawo, a daina tambayar shafi nawa. A tambayi take nawa aka rubuta, wa ya rubuta, wa ya duba bayansa, kuma ina jerin yake da kowa zai iya gani ba sai ya san wani a ofis ba. A ware wa wannan aiki kasonsa tun a takardar kasafi, kafin kuɗin janareto da na taron buɗewa. Sannan a gyara sharaɗin ɗaukar ma'aikata. Mutumin da zai kalli warƙa marar kai ya karanta layi biyu ya ce wannan daga littafin Abdullahin Gwandu ne, babin kaza, yawanci ba shi da digiri. Yana zaure a Sakkwato ko Zariya ko Katsina, yana karantar da almajirai bayan la'asar, kuma tsarin albashin ma'aikatan gwamnati ba shi da matakin da zai ɗora shi a kai. A ƙirƙiro masa. A haɗa shi da wanda ya karanta ilimin laburare a jami'a, ɗaya na faɗa ɗaya na rubutawa, a biya su duka biyun kuɗin da ake biyan injiniyan da ya zo haɗa na'urar.