Zancen Tabarma: Kuɗinmu na fita ta murhu da ta rufin ɗaki

  

Makon jiya a wurin zubi wata ƙanwarmu ta nemi bashi. Muka tambaye ta sana'ar da za ta yi da shi, sai ta sunkuyar da kai ta ce: "Yaya, ba sana'a ba ce, icce za ni saye. Ɗari ya shigo, ɗiyan nan ba su barci sai da wuta." Duk muka yi shiru, don kowa ta san nata gidan. Shi ya sa yau na ce mu yi zancen zafi da ɗari, da kuɗin da suke ci mana.

Bari in fara da lissafin gidana. A da, iccen dala 40 nake saye kullum. A wata jika 6 ke nan. Murhun duwatsu uku ne, iska na kaɗa harshen wuta ta ko'ina, tukunya ba ta samun sai ragowa. Da na koma murhun laka irin na Albarka, wanda ke rungume tukunya ya bar ƙofa guda ta sa icce, abin da nake saye ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Jika 2 a wata, jika 24 a shekara, kuɗin da a da hayaƙi ke tafiya da su. Laka da kashin jaki da ɗan ƙaiƙayi kawai na nema, sai wata da ta iya ginin ta nuna mini. Wadda ke birni tana haya, akwai na ƙarfe, Mai Sauƙi, da maƙera ke yi, ana ɗauka a tafi da shi. Ban da murhu, a rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, a yi aiki da busasshen icce. In shinkafa ta tafasa, a sauke ta a sa cikin kwando da aka shimfiɗe da tsofaffin zannuwa a lulluɓe sosai, za ta ida nuna da zafin kanta.

Yanzu maganar ɗari, kuma nan nake roƙon ku saurara da kyau. Daga Disamba zuwa Janairu da yawanmu kan shiga ɗaki da kaskon garwashi mu ja ƙofa mu toshe taga. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi. Mai barci ba ya jin shigarta. Ni ta taɓa ni. Shekarun baya, ina jego, na kwana da kasko, na farka da ciwon kai kamar ana sara, ga jiri, na kasa miƙewa sai da rarrafe na kai ƙofa. Uwar mijina ce ta ji motsi ta fito da mu waje ni da jariri. Da barcin ya ɗan ƙara nauyi, da ba ni ke rubuta muku wannan ba. To in za a ɗuma ɗaki, a ɗuma tun da maraice ƙofa a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta. Wanda ya tashi da ciwon kai, jiri ko amai a ɗakin da aka kwana da wuta, a fitar da shi iska nan take a kai shi likita. Kada a ce iskoki ne a tsaya turare.

Abin da ke riƙe ɗumi ba wuta kaɗai ba ce. Iskar hunturu daga gabas da arewa take busowa, to nan za a fara toshewa: a liƙe tsagar bango da laka, a rataya bargo ko tabarma a ƙofa, a sa tsumma a ƙarƙashinta. Da rana a buɗe rana ta shiga, kafin magariba a rufe. A shimfiɗa tabarma biyu ko kwali ƙarƙashin katifar yara, don siminti na jan ɗumin jiki. Riga biyu marasa kauri da hula sun fi riga guda mai kauri.

Kafin mu farga kuma bazara ta iso. Afrilu da Mayu zafi kan kai digiri 45 a garuruwanmu, ɗakin kwano ya koma tanda. Kakanninmu da suka yi soro da bango mai kauri ba rashin wayewa ba ne: laka na shan zafi a hankali, ba ya ratsowa ciki sai rana ta yi sanyi. Kwano kuwa yana ɗauka ya zubo mana a ka nan take. Wadda ke da ɗakin kwano ga abin yi. Na ɗaya, a yi masa rufin ciki, ko da na zana ko tabarmin kaba, a bar tazara tsakaninsa da kwano. Wannan rufin da bazara yana tare zafi, da ɗari yana riƙe ɗumi, aiki biyu kuɗi ɗaya. Na biyu, a shafa wa saman kwano farar ƙasa ko farin fenti kafin zafi ya kama, don fari na mayar da hasken rana. Na uku, bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, a kafa masa rumfa, a dasa bedi ɗan nesa da gini don saiwa. Na huɗu, a rufe taga da rana tsaka, a buɗe da dare, in da hali taga biyu masu kallon juna iska ta ratsa.

Jiƙaƙƙen zane a taga yana sanyaya iska da bazara, lokacin da iska ke bushe. Da damina ba ya aiki. Haka ma tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani da jiƙaƙƙen buhu a sama. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa dabarar har ta kai shi ga samun lambar yabo ta duniya. Tumatir da yalo da tattasai na ƙara kwanaki a ciki in an ajiye ta a inuwa mai iska. Masu saida kayan miya, ku gwada.

Masu kuran kuma: ƙwan fitila na LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Na'urar sanyaya ɗaki guda tana shan wutar fanka fiye da 10. Fanka jikin mutum take sanyayawa, in ba kowa a ɗaki a kashe ta. Masu saida ƙanƙara da lemu, kada firigo ya manne da bango ko ya zauna inda rana ke dukansa, kada a sa abinci da zafinsa, a duba robar ƙofa in ta saki a canza.

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, abin da muka koya shi ne da sannu-sannu akwati ke cika. Haka yake zurarewa kuma, dala-dala, ta murhu da ta rufin ɗaki. Ƙanwar tamu ba mu ba ta bashin icce ba. Ranar Asabar mu biyar muka je gidanta, muka gina mata murhu, muka liƙe bangon gabas, ta ɗauki bashin kayan ƙosai.

Ga aikin gida: kowace ta riƙe lissafin abin da ta kashe a icce, gawayi da kuran na kwana bakwai, wadda ba ta rubutu ta aje tsakuwa ɗaya a kan kowace dala 20. Ku zo da shi zubi mai zuwa, mu ga ɗakin wa za mu fara yi wa rufin ciki kafin Maris.

Allah ya ba mu ɗari mai albarka, ya tsare mu da gobara. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.