Fayafayan Hayaniya Da Ya Kamata Marubuci Ya Saurara

 Mun san wasu za su ce me ya haɗa kifi da kaska: ina ruwan marubucin Hausa da kiɗan punk na Turawa, wanda duk ihu ne da dukan jita? A dai ba mu aron kunne. Cututtuka biyu da ke damunmu, wato jan zance da zaman jiran mai buga mana littafi, waɗannan mawaƙan sun daɗe da samo maganinsu.

A fara da faifan farko na Ramones, 'yan New York, wanda ya fito a 1976. Waƙoƙi 14 ne cikin minti 29, babu wadda ta kai minti uku. Su faɗi abin da ya kawo su, su yi gaba. Mu kuwa sai mu cinye shafi biyar jaruma ba ta gama kwalliya ba.

Wanda ya fi kwanta mana a rai shi ne Spiral Scratch na Buzzcocks, samarin Manchester ta Ingila, na Janairun 1977. Waƙoƙi huɗu kacal. Ba su tsaya jiran babban kamfani ba. Rancen kusan fam 500 suka haɗa daga dangi da abokai, suka kafa ɗan kamfaninsu mai suna New Hormones, suka buga kwafi 1,000. Da suka ƙare aka sake bugawa. A bayan bangon har sun rubuta a karo na nawa aka ɗauki kowace waƙa, kamar suna ce wa mai saye kai ma za ka iya. Duk wanda ya san yadda magabatanmu marubutan Kano suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a shekarun 1980 da 1990, suna kai wa 'yan kasuwa da kansu, ba zai ji wannan labari baƙo ba.

Sai hardcore, ƙanin punk da ya fi shi gudu da zafin rai. A nemi kaset ɗin Bad Brains na 1982. Baƙaƙen fata ne daga Washington, ga masu zaton kiɗan na farare ne zalla. A garin ne kuma Ian MacKaye da Jeff Nelson suka kafa Dischord a 1980, suna yanka bangon faifai suna mannawa da hannunsu. Waƙar ƙungiyarsu Minor Threat mai suna Straight Edge ba ta kai minti ɗaya ba, ƙin giya da ƙwaya ne saƙonta, amma ta zama sunan wata tafiya ta matasa da har yau tana nan. MacKaye ya zo ya kafa Fugazi, masu faifan Repeater na 1990, waɗanda suka yi shekaru suna riƙe kuɗin shiga wasansu a dala 5.

A ɓangaren indie rock, ana yawan yabon Slanted and Enchanted na Pavement, 1992, amma mu a kunnenmu wani wurin sakaci ne ake kira salo. Mun fi son Dig Me Out na Sleater-Kinney, 1997, mata uku da muryoyi biyu ke sarƙewa kamar masu gardama. Mai koyon rubuta hirar taurari zai ƙaru da shi.

Ba mu ce kowace kalma a ciki ta dace da tarbiyyarmu ba; Ramones ma suna da waƙa kan shaƙar gam. Ginin muke so a lura da shi. Mai ƙarancin data ya fara da Spiral Scratch, minti goma ne ya ƙare.