Kada Mu Raina Maƙera

Jama'ar koleji, ina so in yi magana a kan wani hali da ya kama mu. Kadan yaro ya kasa lissafi sai mu ce, "A kai shi aikin hannu." Watau mun mai da maƙera wurin zubar da marasa ƙwaƙwalwa. A ganina wannan kuskure ne, kuma labarin maƙeran Turai ya isa shaida.

Tun wajen 1890 har zuwa 1910 aka yi yayin wani ado a Turai, wanda Faransawa suka kira Art Nouveau, watau sabon ado. Masu shi sun gaji da kwaikwayon ginin mutanen dā, sai suka koma duban ganye da furanni da yaɗon tsiro. A 1893 Victor Horta ya tsara wani gida a birnin Brussels na Beljiyam, aka lanƙwasa ƙarfen matakalarsa kamar yaɗon kabewa. A Basalona ta ƙasar Sifen kuma Antoni Gaudi, wanda ubansa maƙerin tagulla ne, ya gina Casa Mila tsakanin 1906 da 1912, aka murɗe ƙarafan barandarsa sai ka ce ciyawar teku. Ba zubi ba ne. Da wuta da masaba aka yi, ana dukan ƙarfe yana ja.

Daga baya ido ya koma ga miƙaƙƙen layi da kusurwa da zane mai maimaita kansa. Wannan shi ne Art Deco, wanda ya samo sunansa daga babban baje kolin da aka yi a Faris a 1925. Ƙarafan babbar ƙofar shiga wurin, Edgar Brandt ne ya ƙera su. Mutumin nan makarantar koyon sana'a ya yi. Da sababbin kayan aiki suka zo, watau wutar walda ta gas da guduma mai inji, bai guje su ba, bai kuma yar da masabarsa ba. Ya haɗa su duka.

To, ku duba. Kafin maƙeri ya ƙera ƙyaure irin wannan, sai ya zana shi, ya auna, ya raba tsawo daidai, ya san nauyin da ƙarfe zai ɗauka. Ashe ba lissafi ke nan ba? Wani zai ce ai ado almubazzaranci ne, ƙyaure dai ya hana ɓarawo. Gaskiya ne, amma mai kyau da mummuna ƙarfe ɗaya suke ci. Bambancinsu ilimin mai aikin ne.

Yaran da za mu koyar, waɗansunsu 'ya'yan maƙera ne, sun san zugazugi da awartaki tun suna goye. Mu koya musu zane da awo, mu daina sa su jin kunyar sana'ar gidansu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.